Ruwan Shuka Da Rigar Ruwa

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwamitin Tafiyar Hutun Ɗalibai,
Tawa.

Daga:
Zaliha Attahiru,
Ɗalibar ajin ƙarshe, lakwal ɗin ƴan mata,
Tawa.

Litinin, 21 ga watan Yuni, 1965.

Game da: Cire sunana daga cikin masu tafiya bakin teku, bisa zargin ina tsoron ruwan sama.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina roƙon gafara da na yi ƙarfin halin rubuto wa babba kamarka. Ban taɓa rubuta abin da ba a yi mini shiftarsa ba sai yau. Na so in yi da Faransanci yadda ya dace da biro, wato ofis, na kuma gwada, amma duk inda raina ya sosu sai kalmomin su watse su bar ni. Idan wani wuri ya yi kama da labarin littafi, a yi haƙuri, karatu ne ya yi mini yawa. Abin da ke ciki duk ya faru.

Kamar yadda mai girma ya sani, ranar 3 ga Mayu kwamitinka ya zaɓi ɗalibai shida daga Tawa da za su yi hutun damina a Faransa, a wani wuri da ake kira Bretagne, can arewa inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. An ce mana daji ne na duwatsu da ciyawa, ba gari kusa, cikin tanti za mu kwana, kuma ruwan sama ba ya ɗaukewa. Ni ce ta shida, ni kaɗai ce kuma ɗiyar manomi. Sauran iyayensu ma'aikata ne da masu kanti. An damƙa shirinmu a hannun Mushe Salisu (haka muke kiran malami da Faransanci), malamin lissafi, wanda ya taɓa ganin teku da idonsa a Kotonu, ta tagar mota, kuma ba ya barin mu manta. Ranar Juma'a, 18 ga Yuni, ya sanar da ni a gaban aji cewa ya soke sunana. Ga ƙorafina:

1. Tun 6 ga Mayu, kowace Alhamis, ranar da ba lakwal, Mushe Salisu yana tara mu a fili don mu saba da ruwa. Baba Adamu mai gadi ya hau tebur da gwangwanin ban ruwan lambu, mu zo ɗaya bayan ɗaya mu tsaya ƙarƙashinsa, Mushe kuma yana dukan faranti da cokali don mu saba da tsawa. Na karanta cewa ruwan can yayyafi ne mai laushi, ba ya zuwa da tsawa. Na ɗaga yatsa in faɗa, amma ina jin bai ɗagu sosai ba. Ranka shi daɗe, a watan Mayu ake wannan, rijiyar unguwa ta yi ƙasa, mata da tuluna a kai suna tsaye bakin danga suna kallon ruwa na shigewa yashi. Da na ba kakata Tanna labari, ta ce kowa ya kawo wannan ɗabi'a ba da jikarta za a yi ta ba. Ta ba ni daro ta ce in tsaya ciki. Na tsaya ciki, na kai ruwan gida, akuya ta sha. Mushe ya ɗauka reni ne. Ba reni ba ne, umurnin kaka ne, kuma duk wanda ya san Tanna ya san ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta.

2. Ranar 27 ga Mayu na fice daga layi da gudu kafin a zuba mini. Na manta da littafin makaranta na aro a cikin rigata, mai hoton teku a shafi na tsakiya. Littafin na gudar. Tun daga ranar Mushe yake kirana Kyanwa, har ƴan ƙananan aji sun ɗauka.

3. Ranar 8 ga Yuni rigunan ruwa suka iso daga Yamai babban birni, rawaya masu ƙamshin roba. Wadda aka ba ni ta kai mini idon sawu, hannuwana suka ɓace a ciki. Na ɗinka sunana da jan zare a wuyanta kamar yadda aka umurta. Mushe ya kwashe su ya kai gidansa, ya ce ɗakin ajiyar makaranta akwai ɓera. Sannan ya kafa doka cewa ranar da ruwan farko ya sauka kowa ya zo fili a yi jarrabawar ƙarshe da ruwan gaske, wanda bai zo ba ba ya tafiya. Nan ma na ɗaga yatsa.

4. Ranar Alhamis, 17 ga Yuni, da asuba, ruwan shuka ya sauka. Ba sai an gaya wa ɗan ƙasarmu ta Adar abin da wannan ke nufi ba, amma tunda takardar biro ce zan rubuta. Ƙasarmu ba ta daɗewa da laima. Wanda bai shuka ba ranar sai ya jira wani ruwa, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Babana bai tambaye ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya saɓa sungumi, aka miƙo mini ƙwaryar iri, muka kama hanyar Affala inda gonarmu take. Yana gaba yana sara, ina baya ina jefa hatsi ina rufewa da diddige. Na ninka buhu na kifa a kai yadda kowa ke yi. Ruwa ya tsagaita ya dawo, ya tsagaita ya dawo, har azahar, har yatsuna suka yi tamoji irin na kaka.

5. Da nauyin baki nake rubuta wannan. Gonar da ke iyaka da tamu ta Mushe Salisu ce, kuma mai ita yana ciki tun kafin mu iso, wando a naɗe har gwiwa. Ban ga laifinsa ba. Shi ma ɗan Adar ne, kuma saransa miƙaƙƙe ne kamar layin da yake ja a allo. Abokan tafiyata biyar, yadda ɗayarsu Kadidiya ta gaya mini, sun yi ta jira a baranda tare da Baba Adamu, ba riguna ba mai jarrabawa. Sai da la'asar, ruwa ya daɗe da ɗaukewa, Mushe ya iso ya tambayi mai gadi wa ya zo wa bai zo ba. A nan aka samo hujjar tsorona.

Amma tun da hantsi, ranka shi daɗe, ya zo bakin iyaka suka yi barka da ruwa shi da babana. Ya nuna ni da baki, ina duƙe cikin buhu, ya ce wa baba wannan ɗiya tasa jaruma ce, ruwa na dukanta ko kai ba ta ɗagawa, da ma ƴar bokon nan tasa, Kyanwa, ta samu rabin zuciyarta da an huta. Ya ɗauka yayata Sauda ce. Sauda kuwa tana gida tana dama mana fura. Babana ya yi dariya har ya jingina da sungumi, ya ce ai Mushe duk tuwo ɗaya suke ci, ya ci gaba da sara. Na so in ɗaga buhun, wallahi na so, amma hannuna ɗaya na riƙe da ƙwarya, ɗayan kuma ya ƙi.

6. Jakin Mushe yana ɗaure a gindin aduwa, an lulluɓe buhun irin da ke bayansa da wata riga rawaya. Iska ta ɗaga wuyanta, na ga jan zare. Ina shaida wa kwamiti cewa rigar mai kyau ce, iri bai jiƙe ba, kuma ta yi wa jakin daidai fiye da yadda ta yi mini.

7. Ina so mai girma ya san abin da aka riga aka yi a gidanmu. Kaka ta yanka bargonta ta ɗinka mini rigar sanyi. Ta shafe takalmana da man shanu don kada ruwa ya shiga, har sai da tururuwa ta gano su. Danginta na Tebaram sun aiko da cuku. Na ce mata na karanta zai yi fumfuna a ƙasa mai danshi, ta ce to in cinye shi a mota. Da na gaya mata tekun can yana janyewa ya bar ƙasa a fili, sannan ya dawo, kullum, ta ce ƙaryar littafi ce, in je in gani in zo in ba ta haƙuri. Ta tambaye ni wa ke noma dajin da ruwa ke sauka kullum. Na ce an ce ba kowa. Sai ta ƙulla mini ɗan iri a bakin zane, ta ce in samu bayan tanti in danna da diddige, ba sai na nemi izinin kowa ba. Har yanzu ban gaya mata an cire ni ba. Babana ya sani. Ya ce shi ba ya shiga biro kan maganar yawon buɗe ido, kuma idan na zauna ya samu hannu a noman farko. Bai faɗa da mugunta ba. Shi ya sa ni ce nake rubutowa.

Ni kaina abin da nake so ɗan kaɗan ne. Na fara rubuta labarin wata yarinya da ta isa bakin teku, shi ne na farko a rayuwata. Na kai ta har kan dutse na tsayar, na kasa gaba, don ban san abin da hancinta ke ji ba, kuma littafin aron bai faɗa ba.

Saboda haka, cikin ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Shugaba:

Na ɗaya, a yi wa Mushe Salisu tambaya guda kawai: yarinyar da ya gani cikin buhu a gonar Attahiru ranar 17 ga Yuni, a ganinsa ta ci jarrabawar ruwa ko ta faɗi? Duk abin da ya ce na yarda da shi.

Na biyu, idan ya ce ta ci, a gaya masa a hankali ko wace ce, a maida sunana kafin a aika sunaye Yamai.

Na uku, kada a yi masa faɗa. Shi ya koya mini lissafin rabawa, kuma da babana ne a matsayinsa gonar zai tafi.

Na huɗu, a ba ni rigar ruwan tun kwana biyu kafin tafiya, da ɗan sabulu.

Na biyar, don ɗaliban baɗi, kada a ƙara sa jarrabawa ranar ruwan farko, kuma a sayi daro.

An ce ranar Litinin, 5 ga Yuli, kamyo, babbar motar da za ta kwashi masu tafiya, zai tashi daga ƙofar makaranta. Zan zo da akwatina na ƙarfe in tsaya bayan icen dogon yaron da ke gefen hanya, inda ake jin kiran suna amma ba a ganin mutum. Idan aka kira na shida aka ce Zaliha, zan amsa, kuma na yi alkawarin amsawa da ƙarfi. Idan wani suna aka kira, ba wanda zai sha kunyar ganina. Zan bi ta bayan danga in wuce gona, irin da kaka ta ƙulla mini kuma in kwance shi in cike gurbin da bai tsiro ba.

Allah shi ƙara girma, shi ba mu damina mai albarka, har da gonar Mushe Salisu.

Taka mai biyayya,
Zaliha Attahiru.

Ƙari: Zan tura wannan takarda ta ƙarƙashin ƙofa lokacin da planto, masinjan biro, ya tafi alwala. Idan aka tambaye shi wa ya kawo ya ce bai ga kowa ba, gaskiya ya faɗa.