Sunan da Rahila Ta Raɗa

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin maigidan, ya yara, ya zaman Jos? Mu a Tambuwal lafiya lau, an gama yankan gero.

Albishirinki, ƙanwarmu Rahila ta fara cin abinci sosai. Tun da ta yi ɓari a Kebbe ba wanda ya yi mata ta'aziyya, sai dai "Allah shi ba da rayayye." Ranar Lahadi ta biyo ni ajin matasa a coci, gardama ta kaure kan lokacin da rai ke farawa. Wani ɗalibina, Iliya, ya ce sai an ja numfashi, kamar Adamu. Wata ta ce, "Malalaci, ba ka karatu! A Linjila, wa ya motsa a cikin Alisabatu tun ba a haife shi ba?"

Sai Rahila ta ce, "Anti, nawa wata fuɗu ne. Mutum ne?"

Na ce masana sun daɗe suna saɓani, amma ni na gaskata Allah ya san shi tun yana ciki. Nan take ta raɗa masa suna Salama, muka yi addu'a.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da kowa. In kin kira ta, ki yi mata gaisuwar rashin Salama.

Ƙanwarki,
Hannatu