Ƙugiyar da Ta Raba Ni Gida Biyar

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ƙarin Girma na Malamai, a makarantarmu mai albarka da ke Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, tare da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti masu daraja, ina neman izinin gabatar da kaina. Na ga hakan ya zama dole, domin ta tabbata cewa ni ne mutumin da ya fi kowa wuyar samu a wannan makaranta, duk da cewa ƙofa uku ce kacal tsakanin ofishina da naka.

Sunana Dakta Sama'ila Ɗanƙane 'Yandoto. Ina roƙon a dubi sunan nan a natse, a lura da ƙugiyoyinsa da waƙafansa na sama, domin dukan shari'ar a kansu take rataye. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina koyar da ilimin lalubo bayanai, wato yadda ake tsara tarin rubuce-rubuce a cikin na'ura ta yadda mai nema zai sami abin da yake nema. Bincikena kuwa, tun daga digiri na uku har zuwa furfura, a kan cuta ɗaya yake: yadda injinan bincike ke zubar da ƙugiyar haruffan Hausa, har mai neman ƙasa ya dawo da kasa, mai neman baƙi a cika masa allo da baki. Na gargaɗi duniya a rubuce. Duniya ta karanta, ta yaba, ta ambace ni a cikin manazartarta, sannan ta juyo ta aikata mini abin da na gargaɗe ta a kai.

A makon jiya takardar kwamitinka ta iso. Ta ce ba za a ɗaga ni zuwa matakin farfesa ba, saboda ambatona bai kai ba, ma'ana masana ba su kafa hujja da ayyukana yadda ya kamata ba. Ranka ya daɗe, ka san abin da wannan ke nufi. Baɗi shekarun ritaya za su cim mini, sai fa idan na shiga sahun farfesoshi, waɗanda ake ƙara wa shekarun aiki. Wannan zama naku shi ne na ƙarshe a gare ni, kuma ɗalibaina na digiri na uku da ba su kammala ba, babu wani a sashenmu da zai karɓe su. Shi ya sa na fito fili da waɗannan batutuwa.

Na ɗaya. Ban zaɓi wannan suna don in wahalar da kowa ba. Ranar da aka sa ni firamare a Tsafe, mu uku ne Sama'ila a aji ɗaya. Hedimasta ya raba gardama ta hanyar da aka saba, ya liƙa wa kowa garinsu. Ɗanƙane kuma laƙabin mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa, wanda ya danne sunansa na yanka. Haka rabin malaman makarantar nan suka sami sunayensu, har da wasu da ke zaune a teburinka.

Na biyu. Rumbun da ke ƙirga ambato a intanet ya yanka ni kashi huɗu, kuma zan gabatar maka da su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake gabatar da manyan baƙi. Akwai 'Yandoto na gaskiya, mai waƙafi a gaba, wanda injin ya rasa inda zai ajiye shi, ya jefa shi can gaban harafin A tare da alamomin tambaya. Akwai Yandoto marar waƙafi, mutum mai rufin asiri, wanda ya kwashi kaso mai tsoka. Akwai wani bawan Allah wai shi Y. Andoto, wanda wani editan mujalla a ƙasar waje ya haifa da hannunsa, da ya ɗauka harafin farkon garinmu taƙaitaccen suna ne. Ban taɓa ganin Malam Andoto ba, amma ina girmama shi, domin maƙalata da aka fi ambato tana hannunsa. Na huɗu shi ne S. Dankane, wanda ya samu ne ranar da wani edita ya ɗauka 'Yandoto adireshina ne, ya share shi don ya taimake ni.

Sakataren kwamitinka ya kwafi sunana daidai yadda na rubuta a fom, da dukan ƙugiyoyinsa, ya zuba a injin. Injin ya miƙo masa na farko, wanda ya fi duka rama. Wato an hukunta ni ne saboda na iya rubuta sunana.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi tafasa. Shi S. Dankane ɗin nan ba ni kaɗai ke zaune a cikinsa ba. Akwai wani likitan dabbobi a Bungudu, Malam Sulaimanu Ɗanƙane, mutumin kirki, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan kaska da tsutsar cikin shanu. Injin ya haɗa mu a riga ɗaya. Tun bara ake aiko mini da maƙalu daga ƙasashen da ban san hanyarsu ba, wai in duba ingancin bincike a kan kashin maraƙi. A ranar tantancewa ma wani ɗan kwamitinka ya tambaye ni, cikin ladabi da fara'a, yaushe na koma harkar kiwo. Na ɗauka raha ce, na yi dariya. Ashe a rubuce yake a gabansa.

Na tafi Bungudu da ƙafata na sami likitan yana yi wa shanun wani Bafulatani allura. Da na gama bayani sai ya goge hannu ya ce, “Wallahi Malam, ni ma na ga darajata na ta hawa, har ana gayyata ta taron masu kwamfuta, na ɗauka addu'ar Inna ce.” Shi kuwa mai shanun ya dube mu ya ce, “To ku yi wa junanku tsaga a kunne mana, mu haka muke raba namu.” Ranka ya daɗe, na halarci tarukan masana a ciki da wajen ƙasar nan, ban ji an taƙaita matsalar fannina da kyau kamar haka ba.

Na huɗu. Ban yi shiru ba kafin zamanku. Na kai wa sakatare buhu guda na maƙaluna, kowace da shafin da aka ambace ta, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin kowane Andoto da kowane Dankane. Na haɗa da takardar rantsuwa daga kotu mai shaida cewa duk ni ne. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Dakta, mu abin da inji ya ba mu shi muke rubutawa.” Buhun yana nan a bayan ƙofarsa. Na leƙa shekaranjiya, ɗaurin da na yi masa bai motsa ba, sai dai an ɗora buta a kai.

Na biyar. Ranar Juma'a na je gida 'Yandoto na kai ƙara wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, manomin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Shi wanga inji ɗan ina na? Ya taho kasuwar Tsafe ya tambayi ɗan Ɗanƙane mai gilashi, ko mai tsire ya nuna mai gida.” Na ba shi gaskiya, domin a ma'aunin da nake koya wa ɗalibai, mai tsiren Tsafe ya ci jarrabawar da injin ya faɗi: tambaya ɗaya, amsa ɗaya, kuma daidai.

Yanzu ga abin da ya sa na ce gida biyar. Takardar hanin da kuka aiko, an buga ta ne da sunan wani Dakta Samaila D. Yanduto. Na bincika rajistar malamai, na tambayi masinja, na tambayi masu gadi, babu mai wannan suna. Na tausaya wa wannan malami ƙwarai bisa rashin da ya yi, kuma da na san gidansu da na je jaje. Amma tunda kwamitinka bai yarda Andoto da Dankane ni ne ba, ban ga dalilin da zan yarda Yanduto ni ne ba. Na mayar da takardar cikin ambulan ɗinta, tana teburin sakatare.

Shi ma sakataren, Allah ya saka masa, ya biyo ni da saƙon waya cewa yana ba ni haƙuri ban sami karin girma ba. Haka ya rubuta, babu ƙugiya. A nan kam ya yi kuskure. Kari irin na karin kumallo, na same shi cikakke, girman ya karye har gida biyar.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku, cikin ƙanƙan da kai gwargwadon iyawata. A sauke butar, a kwance buhun, a sa mutum mai ido biyu ya karanta. A haɗa ambaton mutanen nan huɗu wuri ɗaya, a cire kaska da tsutsa a mayar wa mai su a Bungudu, domin ba na son ko ambato ɗaya da ba gumina ba. Sannan a sake zama a kaina kafin wa'adin bana ya rufe. Idan bayan an haɗa an ga ban kai ba, zan kwashe littattafaina in koma gona ba tare da ƙorafi ba, muddin ni aka auna.

Ina addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare sunanka daga editoci, ya sa duk mai nemanka da alheri ya same ka a bugu ɗaya. Idan kuma kwamiti ya nemi ni a injin bai same ni ba, kada a wahala. A fito daga ofishinka a yi dama, ƙofa ta uku. Sunan yana jikin ƙofar, da fenti na rubuta shi da hannuna.

Wassalam.

Naka mai biyayya, a madadin sauran huɗun,
Dakta Sama'ila Ɗanƙane 'Yandoto