Jan Mim ɗin Malam

Mararaba, 9 ga Yuni, 2007

Zuwa ga aminiyata Hansatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara, da ƙafar nan taki da ke tashi duk damina. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san hannun da ya fara riƙe biro yana da shekara arba'in da bakwai ba ya bin layi. Na ƙi kiranki a waya ne saboda bangon ɗakunan nan bai fi takarda kauri ba.

Maganar motar marigayi Malam ce, farar fijon nan da ya saya a gwanjo shekarar da ya ajiye aikin direba. Autana Naziru, wanda yanzu yake rubuta sunansa Nazeer, da ita yake zuwa ma'aikatarsu. A watan nan sau uku tana mutuwa masa a cunkoson Nyanya, har ogansa ya yi masa magana a gaban mutane. Ya ce ya gaji. Kowa a ofishinsu ya yi sabuwa, don bankuna har kan tebur suke bin su da fam. Ka sa hannu yau, gobe ka hau mota, su kuma su riƙa yankar albashinka shekara huɗu kafin ka gan shi, ga kuɗin ruwa a kai. Na tambaye shi, in aka rage ma'aikata kamar bara, motar za mu dafa? Ya yi dariya ya ce ni komai tsoro.

Mutum biyu ne ban yarda da su ba. Na farko Yamusa, wani dillalin motoci. Shi zai haɗa Naziru da banki, shi kuma zai sayi tsohuwar. Sau huɗu ya zo gidan nan, kullum da ledar lemo, yana durƙusawa har ƙasa yana ce mini Hajiya, alhali na faɗa masa ban je ba. Yana gaishe ni idonsa yana kan motar. Na biyu Bartholomew, makaniken Jabi da ke duba ta tun Malam yana raye. Malam ya yarda da shi, amma Malam ya san mota. Naziru kuwa tuƙi kawai ya sani, kuma tun da aka bar masa ita gyara bai ƙare ba.

Jiya an sake kai ta gareji, an ce sai ta yi mako. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Alhaji.

Taki,
Mariya


Mararaba, 19 ga Yuni, 2007

Aminiyata Hansatu,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso ta hannun direban Funtuwa, da daddawar, Allah ya saka da alheri. Yaya ƙafar? Kin ce in bar yaro ya yi abin zamaninsa. Na ji, amma ki karanta wannan tukuna.

Mota ta dawo ranar Asabar, ba da ƙafarta ba, jawo ta aka yi da igiya. Naziru ya ce an duba an ce ta gama yayi, gyaranta ɓarnar kuɗi ce. Yamusa ya ce don mutunci zai karɓe ta a kuɗin ƙarfe. An sa ranar Alhamis ta sama za a sa hannu a banki.

Jiya da safe bayan Naziru ya fita neman bas, na ce bari in yi mata sallama. Na buɗe gabanta kamar yadda nake yi a da, lokacin da ni ke zuba mata ruwa kafin Malam ya gama karyawa. Akwai wata al'adarsa da ban taɓa faɗa miki ba. Duk abin da ya saya ya sa a motar nan, sai ya ɗauko jan fenti da tsinke ya rubuta harafin farkon sunansa a jiki, don kada a musanya masa a gareji. Da ajami yake yi, mim mai jela. Kin san ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, amma rubutu ba kira ba ne: Mika'ilu. Yau na fara rubuta shi.

Hansatu, jan fentin yana nan a kan kafireto, wato abin da ke ba inji mai, yana nan a kan lagireto da nake zuba wa ruwa. Amma ba mim ba ne. Na goge tabarau na sake dubawa. P ce ta boko, tsaye ƙyam da ƙafarta, irin wadda malamarmu ta yaƙi da jahilci ta sa muka cika shafi biyu da ita. Fentin ma ko ƙura bai sha ba. A kan batir kaɗai na ga mim ɗin Malam na gaskiya, ya koɗe, jelarsa ta karkata hagu.

An cire kayansa an sa wasu, aka kwaikwayi alamar don Naziru ya ga ja ya wuce. Wanda ya yi bai san abin da yake kwaikwaya ba. Yanzu ki faɗa mini, wane ne zai ga mim ya ɗauka P ce, in ba wanda bai taɓa riƙe allo ba? Ni dai zuciyata ta tsaya a kan Bartholomew. Shekara goma sha takwas Malam yana kai masa goro da naman salla.

Ban faɗa wa Naziru ba, zai ce tsoron nawa ne ya tashi. Jibi zan je Jabi da kaina. Na kwafi P ɗin a takarda yadda take, zan ajiye masa a gabansa in ga idonsa. Kada ki faɗa wa Alhaji, zai ce in zauna.

Taki a kullum,
Mariya


Mararaba, 2 ga Yuli, 2007

Aminiyata Hansatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Alhaji da yara, da fatan shuka ta yi kyau. Na san kina jira, ga yadda aka yi.

Mota biyu na hau kafin in kai Jabi, ina ta shirya maganar da zan faɗa. Bartholomew yana ganina ya fito daga ƙarƙashin wata bas, ya goge benci da rigarsa, yana ce mini Mama. Kafin in buɗe baki shi ya fara ƙorafi, da Hausarsa da ke ce wa mota shi. Wai laifin me ya yi da aka ɗauke masa motar Baba, tun watan azumi bai gan shi ba. Na lissafa a raina, wata takwas ke nan. Ban yarda ba duk da haka. Na ajiye masa takardar, na ce wannan na gani a jikin kayan, wa ya rubuta.

Ya duba ya ce wannan ai P ne, Baba ba ya rubuta P. Sai ya tsoma yatsa a baƙin mai, ya jawo kwali, ya fara daga dama, ya naɗe kan, ya saki jela ƙasa ta karkata hagu. Hansatu, hannun Malam sak. Ya ce tun da idon Baba ya fara rauni shi ke rubuta masa, kuma sau uku Baba yana sa shi gogewa kafin ya ce ya iya. Bai san sunan harafin ba ma, ƙugiyar Baba yake ce masa. Na ja mayafi na rufe fuskata. Na roƙe shi gafara, ya ce ta me, ban iya faɗa masa ba.

Ya rufe garejin ya biyo ni har gida. Yana leƙawa ya ce kafireton da lagireton matattu ne, daga bola aka tsinto su. Na Malam na asali ne, masu tasi suna neman irinsu ido rufe. In mota ta mutu a hannun mai ita za a saye ta a kuɗin ƙarfe, a mayar mata da kayanta, a sayar da ita da daraja.

Da Naziru ya dawo la'asar sakaliya na tambaye shi wane gareji yake kai ta. Ya sunkuyar da kai ya ce na yaran Yamusa, tun bayan salla, don Yamusa ya ce masa Bartholomew tsohon yayi ne. Ban yi masa faɗa ba. Na kama hannunsa na nuna masa batir, na nuna masa kafireto, na ce ya karanta mini. Yaron da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan sha huɗu. Sai a nan ya ga bambancin mim da P.

Washegari shi da Bartholomew suka je wurin Yamusa. Yamusa ya yi ta rantsuwa cewa aikin yaransa ne, shi bai sani ba. Kafireton ya fito daga bayan wani kanta da mim ɗinsa a jiki. Lagireton an ce an nema an rasa. Yamusa ya aiko mini da lemo, na ce a mayar masa.

Alhamis ta zo ta wuce, ba a sa hannu ba. Kada ki ɗauka na ci nasara gaba ɗaya. Naziru ya ce motar ta tsufa ko da kayanta, kuma gaskiyarsa ce, Bartholomew ma ya ce shekara biyu zai iya ɗaukar mata alkawari, bayan nan sai Allah. Sun shirya zai riƙa tara wani abu duk wata ya sayi ta hannu ba tare da banki ba. Fam ɗin dai yana nan a cikin durowarsa bai yaga ba. Duk ranar da nake shara nakan duba wurin sa hannun, in ga ko har yanzu fari ne.

Shekaranjiya aka ɗaura sabon lagireto a ƙofar gida. Da aka gama Bartholomew ya fito da ɗan gwangwanin jan fenti ya miƙa wa Naziru tsinke, ya ce mai mota ya sa alamarsa. Naziru ya juya tsinken a hannunsa, sai ya miƙo mini. Ya ce shi wanda ya kasa karantawa bai kamata ya rubuta ba. Na ce to wane harafi zan sa, naka ko na babanka. Ya ce in duba da me nawa sunan ya fara.

Wallahi Hansatu ban taɓa lura ba, ashe nawa ma da mim ya fara. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da mutumin nan. Na rubuta, jelar ta yi tsawo ta gangara, Bartholomew ya ce da Baba ne sai ya sa na goge. Na ce a bar ta haka, kowa ya ga dama ya gwada kwaikwayonta.

In hanya ta yi kyau za mu zo miki da ita bayan damina. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Mariya