Hotona da Kuka Yaɗa Ina Neman Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban zauren waya na "Mu Sa Ido", Wuro Patuji, Mubi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ne Sabo mai haƙar rijiya daga Kolere, mutumin da ya yi suna a wayoyinku makon jiya ba tare da ya nema ba.

Na ɗaya. Ranar Talata Alhaji Buba ya kira ni in duba masa inda za a yi rijiya a bayan gidansa. Aikinmu ba a fara shi da diga. Sai ka zaga, ka duba suri, ka duba inda ɓaure ya tsiro, ka durƙusa ka murza ƙasa, ka ja igiya. Haka kakana ya yi tun zuwansa daga ƙasar Katsina. Wani daga cikinku ya hango ni, ya ɗauki hotona ta baya, ya sa a zaurenku cewa ga baƙuwar fuska tana auna gidajen mutane. Fuskar da bai ma gani ba!

Na biyu. Ban ga laifin tsoronku ba. Ni ma na gudu da iyalina a ƙafa lokacin da garin nan ya watse, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Alhaji ma ya yi kuskure da bai kai ni gaban Jauro mai unguwa ba, yadda ake yi wa duk mai aikin da ya shigo unguwa. Amma a da, zargi sai ya bi ta ƙofar Jauro kafin ya fita. Yanzu kafin la'asar hotona ya kai har garin Sorau.

Na uku. Washegari ina cikin rami har wuya, na ɗaga kai na ga ƙafafu da gorori sun kewaye ni. Wallahi na ji tsoro, na yi kalmar shahada. Abin da ya cece ni shi ne wayar nan dai. Dada Hapsatu, tsohuwar da na yi wa rijiya tun kafin gudu, ta gane ni a hoton ta facin wandona. Ta aiko da murya a zaurenku: "Wannan Sabo ne, shi ya tona rijiya na. Wanda ya taɓa shi, kar ya sha ruwa na." Sai shaidu suka yi ta shigowa, wasu da Fulatanci, har daga mutanen da na ɗauka sun mutu a gudun. Masu gorori suka saurara a wayoyinsu, ɗaya ya miƙo hannu ya jawo ni. Na koma gida na ci tuwo, alhamdu lillahi.

Roƙona biyu ne. Kada a ƙara sa hoton mutum sai an tambayi Jauro. Sannan ku sake sa nawa, ta gaba wannan karon, da sunana da sana'ata, a tura shi duk inda na farkon ya je, don har yau a Sorau ni abin zargi ne.

Ruwa ya fito jiya da rami ya kai zurfin gaba tara. An ce mini matar wanda ya ɗauki hoton ce ta fara jefa guga. A gaya masa ya sha, na yafe.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya zaunar da Mubi lafiya.

Wassalam, naku,
Sabo mai haƙar rijiya, Kolere.