Kayan da Ba a Riƙewa a Hannu

Talata Mafara,
ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Labbo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Barira da yara, ya zaman Fatakwal da ruwan sama da ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan kowa lafiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har ta je sunan gidan Kawu Yari a Maradun da ƙafarta. Baba yana nan da karatunsa na zaure. 'Yan matana biyu suna makaranta, kullum sai sun tambayi yaushe Kawu zai zo.

Yaya, gaisuwa ta ƙare, yanzu sai maganar da ta sa na ɗauki biro. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ranar Juma'a ka kira Baba ka ce masa na bar aikin mutunci na koma sayar da iska. Ka ce cinikin abin da ba a gani ba bai halatta ba, ka kuma kawo masa labarin samarin can wajenku da ke damfarar mutane da kwamfuta. Bayan la'asar ya kira ni zaure, ya karɓi kwamfutar da kamfani ya ba ni, ya sa a akwatin littattafansa ya kulle. Ni da shekaruna, da 'ya'ya biyu, aka karɓe mini kayan aiki kamar yarinyar da aka kama da wayar saurayi. Kuma lambata tana wayarka, ba ka kira ni ka tambaya ba.

Aikin mutuncin da kake yabo, ni na yi shi shekara takwas, tun rasuwar baban yara. Ni ce shago-shago da katan-katan na sabulu da man shafawa, daga kasuwar Mafara zuwa Jangebe zuwa Damri, a bayan mashin, rana ta gasa ni, bayana ya riƙe. Ko na yi wanka sau uku ƙamshin sabulun wanki nake yi. A duk shekarun nan ban taɓa jin ka ce sannu ba, sai yau da na bari ya zama aikin mutunci.

Bari in gaya maka abin da nake sayarwa, tunda ba ka tambaya ba. Manhaja ce, wato tsarin aiki da ake sawa a kwamfuta da waya. Tamu ta manoman rani ce masu shan ruwan dam ɗin Bakolori. Tana tsara layin ruwa, ta aika wa kowane manomi saƙon murya a wayarsa da Hausa, ta gaya masa ranar da za a buɗe wa gonarsa ruwa da lokacin. Kai da kanka ka san faɗan da ake yi a bakin kanal, hanyar ruwan da ke bi ta gonaki, na gaba ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya kwashe yini yana jira shinkafarsa tana ƙonewa. Kamfanin ya ɗauke ni ne don babu ƙauyen da ban san masu shagonsa da matan gidajensa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko na sha kunya. Ranar da na fara zuwa wurin ƙungiyar manoman Bakura, yadda na saba a kasuwa haka na yi. Na zuba surutu, na kambama kayana, har na ajiye wa shugabansu Alhaji Tukur sabulu guda shida a matsayin gyara. Suka yi ta dariya, wani ya ce in buɗe katan ɗin su shinshina. Cinikin sabulu minti biyar ne, a duba, a shinshina, a ɗauka. Wannan kuwa sai mutum ashirin sun yarda, kuma wanda na tsallake ko gaisuwar kirki ban yi masa ba, ashe shi ne mai maganar. Wani dattijo ne, Malam Bawa, mai buɗe ƙofar ruwa, wanda ya shekara talatin layin kowa yana kansa. Ya ɗauka na zo raba shi da aikinsa ne, ya ce in dai yana numfashi waya ba za ta gaya masa lokacin buɗe ruwa ba.

Wata huɗu na yi ina komawa wurinsa, Yaya. Na daina talla, na koyi yin shiru. Ina zaune bakin kanal yana lissafo mini gonaki ɗaya bayan ɗaya, wace ce mai jigawa da ke shanye ruwa, wace ce mai laka, ni kuma ina shigarwa yadda ya faɗa. A ƙarshe na roƙi kamfani aka naɗi muryarsa, yanzu shi ne ke magana a saƙon. Ranar da ya ji kansa a waya yana sanar da layin ruwa, sai ya cire hula ya mayar, ya ce ashe muryarsa tana da daɗi haka. An yi gwaji na sati uku, kuma Talatar nan mai zuwa ƙungiyar za ta zauna a sa hannu. Idan ban je da kwamfutar ba, shi ke nan, kamfani zai ba wani yankin, ni kuma babu sabulu babu manhaja.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ka san inda Baba yake da miki, can ka taɓa. Yana saurayi ruwan dam ya cinye gonar kakanmu a wajen Maradun, aka zo musu da alkawura a baki. Tun daga nan duk abin da ba zai riƙe a hannu ba, ba ya yarda da shi. Na ce masa ai a littattafan da yake karantarwa, in an siffanta wa mai saye kaya sosai, ko ya gwada ya gani, ciniki ya yi. Ya ce haka ne, amma shi bai gani ba. Sai na ce ya zo ya gani.

Ranar Litinin na kai shi gonarsa ta Dakko, can ƙasar Bakura inda aka yi gwajin, wadda ka san ita ce ta ƙarshe a layi. Tun daren Lahadi muryar Malam Bawa ta shigo wayarsa ta ce ruwa zai iso da hantsi. Muka tsaya a kan kunya, yana duba rana yana duba kanal. Hantsi yana yi sai ga ruwa ya taho yana tura ganye a gabansa. Baba ya tsuguna, ya sa hannu a ciki, ya daɗe a haka. Da muka hau hanya ya ce shi kam ya gani, zuciyarsa ta kwanta. Amma ya ce kai ne babba, kai ka shiga duniya, kai ka kawo shakkar nan gidansa, kuma ba zai tsallake maganar babba ya bi ta ƙarama ba. Sai ka janye da bakinka zai buɗe akwati. Ka san Baba, in ya faɗi haka ko Inna ba ta juya shi.

To Yaya, ina tambayarka. Ka taɓa ganin manhajar nan? Ka taɓa jin saƙon? Ka tako bakin kanal ɗin nan a shekara goman da ta wuce? Manoman Bakura sati uku suka yi suna gwadawa kafin su ce komai. Baba sai da ya jiƙa hannunsa. A duk maganar nan mutum ɗaya ne ya yi cinikin abin da bai gani ba, kai ne, kuma mahaifinmu ka sayar wa.

Ba roƙon gafara nake nema daga gare ka ba, girmanka ya wuce haka a wurina. Kira ɗaya nake so, kafin asubahin Talata. Audu direban motar albasa zai tashi yau da takardar nan, ya ce Juma'a zai iso gare ku, saboda haka kana da kwana uku cur.

Ka gaishe mini da Anti Barira, da Nagode, da Taiba, ka ce mata na ji labarin haddarta, Allah ya sa albarka. Inna tana gaishe ku, Kawu Yari da Gwaggo Kubura ma haka. Malam Bawa bai san ka ba, amma ya ce in gaishe da yayan nan nawa da ya fi shi sanin ruwa.

Da na so, da saƙon waya zan tura maka cikin minti ɗaya. Na rubuta a takarda ne don ka samu abin riƙewa a hannu. A cikin ƙunshin akwai sabulu guda, shi ne na ƙarshe da ya rage mini na tsohon aiki. Ka duba shi, ka shinshina, sannan ka kira Baba.

Wassalam. Ƙanwarka da har gobe take ganin girmanka,
Sa'adatu Mamuda.