Hular da Aka Harbe Tana Rataye a Ɗakin Babana

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni, saura mako uku asirina ya tonu a gaban mutum kusan sittin, kuma ba wanda ya jawo min sai ni kaina. Shekarata hamsin da huɗu, da jikokina biyu, amma ga ni ina ɓoye-ɓoye kamar yarinyar da ta fasa kwano ta tura shi ƙarƙashin gado.

Muna noman alkama da kiwon tumaki a yankin Wimmera, ni da mijina Graeme, a gonar da aka haife ni. Babana, Merv, shekararsa tamanin da uku. Bara hannunsa ya fara rawa, likita ya yi magana, shi da kansa ya je ya miƙa lasisin bindigarsa, ya koma gidan kula da tsofaffi a cikin gari. Bai yi kuka ranar da ya bar gonar ba. Amma ranar da aka mayar da bindigarsa sunana, abin ya taɓa shi sosai. Bindiga ce irin ta da, mai baki biyu a jere, da kunama biyu, ta kakana ce tun asali. Da ita Baba ya kare mana 'yan raguna daga yanyawa shekara da shekaru, da ita ya ci kofin kulob ɗinmu na harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama, har sau uku. Abin da ya ce min kawai shi ne, "Kar ki bar ta ta yi tsatsa a akwati. Ki kai ta kulob ta sha iska."

To, na kai ta. Anti, na sha wuya. An sassaƙa gindinta ne don doguwar zankaɗeɗiyar halitta irin ta Baba, ni kuwa gajera ce, sai na miƙe hannu kamar mai shanya. Duk harbi sai ta mare ni a kumatu. Ranar Litinin in shiga kanti fuska a kumbure, mata suna kallon Graeme da wani irin ido, bawan Allah. Ga bakin yana ɗaukar zafi, kafin a kai faifai na ashirin yatsuna sun soyu. Ga kunama biyu, in na ja ta farko, kafin yatsana ya lalubo ta biyu faifan ya kai gonar maƙwabta. Cikin ashirin da biyar ban taɓa wuce sha uku ba. Col, shugaban kulob ɗin, abokin Baba ne tun suna samari, kullum sai ya ce, "Ke Merv ƙarama, bar faifan nan, tsufa zai kashe shi kafin ke."

Ran nan ƙawata Noeleen ta gaji da ganina. Ta miƙo min tata, irin ta zamani, wadda baki ɗaya ke bisa ɗaya, ni ina ce mata mai goyo. Ta ce, "Riƙe nan, malama, ki daina azabtar da kanki da mu." Na ce sau ɗaya kawai. Na ɗora ta a kafaɗa, sai na ji ta zauna daram. Layi ɗaya siriri a gaban idona, ba faffaɗan ƙarfe biyu da ke rufe min faifan ba. Na ce a saki faifan, na fasa shi. Na sake, na fasa. Sha tara na samu ranar, kumatuna lafiya lau.

Da a nan na tsaya na gaya wa Baba, da ban rubuto miki ba. Amma na san ra'ayinsa kan mai goyo. Yana ce mata bindigar likitocin haƙori na birnin Melbourne, wai ta mutanen da ba su taɓa taka kashin tunkiya ba. Don haka na yi shiru, na ci gaba da arar ta Noeleen duk Lahadi, tasa kuma tana kwance a jakarta a jikin bango.

Ga inda nake jin kunyar faɗa. Duk Litinin Graeme yana ɗauko Baba ya ci abincin rana da mu. In an gama, sai in buɗe akwatin ƙarfe in fito da ita, ya buɗe ta ta tsakiya, ya ɗaga bakin wajen taga ya leƙa, ya shafa mata mai da hannunsa mai rawa ina zaune kusa. Wannan shi ne abin da yake jira duk mako. In ya ga bakin fes, zai san ba a harba ta ba. Saboda haka duk Lahadi, bayan an tashi, sai in tsaya in saki harsashi huɗu ko shida da ita a banza, don dai ta yi baƙi. Wata biyar ke nan ina yi. Ni da nake karanta Littafi a coci.

Sai a watan Agusta abin ya faru. Na fasa ashirin da biyar cif, ba kuskure ko ɗaya, karo na farko a rayuwata. Kin san al'adar: wanda ya fasa duka karo na farko, sai an harbe hularsa. Kafin in sauke bindiga Col ya fizge hular kaina, aka cilla ta sama, mutum biyar suka sakar mata wuta. Ta faɗo kamar rariya. Ana ta shewa, Noeleen na rungume ni, sai na tuna hular ta Baba ce, tsohuwar koriyar hularsa mai alamar kulob, wadda ya ba ni tare da bindigar.

Washegari ya gan ta a kan teburin kicin, na manta ban ɓoye ba. Mutumin da ya yi shekara sittin a kulob ba ya bukatar bayani. Ya ɗauke ta, ya zura yatsa a ramukan, sai hawaye. Ya ce, "Na san tsohuwar bindigar nan ba ta gama ba. Na san za ku saba." Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji kaina ina tambayarsa ko zai ƙara dankali.

Yanzu hular tana rataye a bangon ɗakinsa. Duk ma'aikaciyar da ta shigo ba shi magani sai ta ji labarin. Ya kira ƙaninsa a Mildura ya gaya masa. Da Col ya kai masa ziyara, Baba ya fara labarin, Col ya gane ban gaya masa gaskiya ba, sai ya ce, "Ai yadda ka san kai ne a tsaye, Merv." Ya zo ya same ni daga baya ya ce, "Na rufa miki, amma kar ki ƙara sa ni yi wa mutumin nan ƙarya." Duk kulob sun sani, kowa ya kama bakinsa.

Gasar shekara ranar Lahadin ƙarshen Oktoba ce, kafin a shiga girbi. Baba ya ce zai zo. Ya sa an goge masa riga, ya nemi izinin fita na yini guda, ya ce a ajiye masa kujera a bayan layin harbi. Yana so ya ga sunan gidanmu ya koma kan kofin da wannan bindiga.

In na ɗauki tasa, zan samu sha biyu a gabansa, ya san akwai magana. In na ɗauki ta Noeleen, zai gani da idonsa a gaban abokansa. Na yi tunanin in ce kafaɗata ta gurɗe. Na yi tunanin in kai ta wurin mai gyara a rage gindin a ɓoye, in yi ta atisaye dare da rana, amma katakon nan hannun kakana ya lashe shi har ya yi sheƙi, ya zan sa masa zarto? Graeme ya ce in faɗa kawai, bindiga ce ba ɗan shege na haifa ba. Shi da sauƙi, ba shi ya ga hawayen ba. Noeleen ta ce tsoho ne, a bar shi da farin cikinsa, ta ma yarda mu ce tasa ta lalace ana jibi gasa.

Abinci ba ya shiga. Jiya na bar ƙofar garke a buɗe, muka yini muna tattaro tumaki a bakin titi. Kuma abin da ya fi damuna, ina son mai goyon nan, Anti. Ina so in sayi tawa. Ina jin kamar na ci amanar mutum uku, Baba da Col, har da kakana da ke kabari. Wacce zan ɗauka ranar?

Mai Kumburarren Kumatu, daga Wimmera

*

Mai Kumburarren Kumatu,

Da farko, barka da ashirin da biyar. Ba na jin kin bar kanki kin yi murnarsa ko na minti ɗaya, kuma ke kika fasa su, bindiga ba ta harba kanta.

Maganar bindigogin ita ce mai sauƙi, bari mu kawar da ita. Babanki bai yi kuskure ba da yake son tasa. Mai baki a jere ba ta da nauyi, tana tashi da sauri, an yi ta ne don mai yawo a gona wanda zai yi harbi biyu ya ci gaba da tafiya. Akwai masu fasa faifai da ita har yau, amma in ta dace da jikinsu. Ke kuma kina tsaye wuri ɗaya kina harbi hamsin ko ɗari. Nan mai goyo ta fi: nauyinta yana shanye bugun, katakon gabanta yana kare hannu daga zafi, ido yana bin layi ɗaya. Uwa uba, ta Noeleen ta zo daidai da tsayinki. Ba taurin kai ba ne, ba cin amana ba ne, takalmin babanki ne ya yi miki yawa. Ki nemi izinin saye, ki sayi taki, ki sa a auna ki. Kar ki kuskura ki sa wa tsohon katakon nan zarto ba da saninsa ba, kuma mako uku na atisaye ba zai ƙara miki tsawon hannu ba.

Yanzu mai wuyar. Noeleen tana ƙaunarki, kuma na gane me take nufi: mutum ya rasa gona, ya rasa lasisi, me ya sa za a ƙwace masa wannan ma? Na auna hakan sosai. Amma ki duba inda abin ya kai. Mutumin da ya ci kofin nan sau uku yana ba abokinsa na shekara sittin labari, abokin yana gyaɗa kai don tausayi. Ranar gasa zai zauna a cikin mutanen da duk suka san abin da shi kaɗai bai sani ba. Hannunsa ne ke rawa, ba hankalinsa ba. Kun fara lallaɓa shi kamar ƙaramin yaro, kuma na fi tsoron ranar da zai gane haka fiye da ranar da zai ji sunan bindigar.

Ba zan yaudare ki in ce ai ya riga ya sani ba, ban san shi ba. Ki shirya zai ji zafi. Watakila ya sauke hular daga bango, watakila ya ƙi zuwa gasar. Wannan haƙƙinsa ne, kar ki yi gardama, kar kuma ki yi kuka har ya koma shi ke lallashinki.

Ki gaya masa a makon nan, ba ranar Litinin a kicin da bindigar a hannunsa ba, ba kuma a gaban Graeme ba. Ki je ɗakinsa ke kaɗai. Ki faɗi duka, har da harsasan da kike ƙonawa don bakin ya yi baƙi, don in kika rage wani abu zai fito daga baya. Ki ce Col bai so ba, ke kika jefa shi ciki, kar abotarsu ta taɓu. Ki faɗi dalili a taƙaice: tana dukan ki a fuska, kin ji tsoron ɓata masa rai.

Bayan ya huce, ba ranar ba, ki tambaye shi me yake so a yi da tasa. Ko a bar ta yadda take, ki riƙa fita da ita gona lokacin haihuwar tumaki, aikin da aka yi ta dominsa. Ko ku roƙi Col a ware zagaye ɗaya a shekara na tsofaffin bindigogi, inda sha biyu ba abin kunya ba ne. Shi zai zaɓa. Sannan ki ce kina so ya zo gasar, ya zauna a bayanki, ya gaya miki inda kike kuskure. Ba kowa ke da irin wannan idon a bayansa ba, kuma ba za ki same shi har abada ba.

Ranar gasa ki ɗauki wadda kike fasa faifai da ita. In kujerarsa ta kasance babu kowa, ki yi harbinki, ki biya ta wurinsa da yamma ki gaya masa nawa kika samu, ko nawa ne.

Ki ci abinci, ki rufe garke, ki je gobe da safe. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ƙara muku Lahadi masu yawa tare.

Taki,
Anti Glenys