Telan da Ke Tsakanin Hoto da Hoto

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Baba yana nan yadda ka bar shi. Yana ci yana sha, amma wata uku ke nan tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ko kalma ɗaya bai furta ba. Likita ya ce mu riƙa yi masa hirar abin da yake so, ko harshen zai saku. Sai na shiga shagonsa, na zaro littattafan zanen nan na jarumi mai tashi sama daga ƙarƙashin keken ɗinki, waɗanda yake karanta maka lokacin ina makarantar kwana.

Ka san ni. Shekara ashirin ina koyar da adabi, ban taɓa ɗaukar ƙato cikin jar alkyabba yana ɗaga mota da hannu ɗaya a matsayin abin karatun manya ba. Duk da haka na zauna bakin gadonsa ina karantawa ina fassara masa tiryan-tiryan. Ko shafi uku ban kai ba ya juya fuska bango. Yau kwana huɗu ke nan haka yake yi. Ina tsoron muryarsa ta tafi ke nan, Auta.

Yayarka.

Yaya Malama,

Na gaishe ki, na gaida Baba. Wallahi na yi dariya har da hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske. Yaya, yaushe Baba ya iya harshen da aka rubuta littattafan nan? Wani ne ya kawo ɗinki ya manta su a shago. Baba hotunan yake bi, labarin kuwa daga kansa yake fitowa. Ke kin je kin kawo masa labarin wani baƙo.

Buɗe littafi na biyu, wajen tsakiya. A wani hoto alkyabbar ta yage har ƙasa, a na gaba ga ta garau. Nan Baba yake dasa yatsa a kan farin layin da ya raba su, ya ce, "To wa ya ɗinke?" Wai a cikin layin nan akwai shago, can sama da gajimare, taga a buɗe, iska tana kaɗa ƙyallaye. Jarumin yakan sauka, ya cire takalmi, ya zauna kan benci shiru kamar mai jiran aski. Nan kaɗai yake faɗin waɗanda ya kasa ceto. Telan kuwa ɗinkinsa kawai yake yi.

Na kusa arba'in, amma duk ranar da aiki ya yi min rugu-rugu, shagon nan nake zuwa a raina. Ki ajiye digirinki a bakin ƙofa, ki shiga.

Autanku.

Auta,

Ina gaisuwa. Rashin kunyarka na nan, amma na bi maganarka. Na yanka guntayen ƙyalle na rufe duk inda aka yi rubutu, don idona ba ya iya ganin harafi ya ƙyale shi.

Da rubutun ya ɓace sai na fara ganin mutumin. Akwai shafi guda cur, ba faɗa ba komai, yana zaune a gefen rufin bene, kafaɗunsa sun sauka, garin da ya ceta yana ta harkarsa a ƙasa, ba mai ɗaga kai. Haka Baba yake zama bayan ya sallami mai ɗinki na ƙarshe, mu kuma muna ta neman abinci ba mai ce masa sannu. Na daɗe a shafin nan. Na ji kunya ƙwarai.

Da hantsi na buɗe masa inda ka ce. Rana ta shigo ta labule, ɗakin ya yi ja-ja, har na ji kamar gadon yana lilo da mu. Bai juya bango ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya lalubi farin layin, ya bar yatsa a kai. Bai yi magana ba. Gobe zan gwada ba shi labarin telan da kaina, ko da zan kwaɓa.

Ka gaida mutan gida.

Yayarka.

Auta,

Gaisuwa a gurguje. Na kwaɓa kuwa. Na ce telan ya karɓi alkyabbar ya ɗora a kan keke ya fara takawa. Sai na ji an riƙe min hannu. Baba ya harare ni, bakinsa ya yi ta rawa, sannan ya ce, "Da hannu. Keke zai tattare ta."

Ka taho ranar Asabar. Akwai sauran littafi biyar, ni kuma ban san ɗinki ba.

Yayarka.